Talauci da Lafiyar Haƙoran Matasa a Nima da Maamobi

Nima da Maamobi unguwannin zongo ne a birnin Accra na ƙasar Gana, inda Hausa take harshen kasuwa da mu'amala. Mutane da yawa a nan suna cin abinci ne da ƙaramin ciniki ko aikin ƙodago, abin da aka samu yau shi za a ci yau. Wannan hali yana taɓa lafiyar haƙoran matasa ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce abinci. Yaron da aka ba kuɗin makaranta kaɗan yakan sayi koko da sukari da safe, da rana kuma alawa ko biskit ko zobo mai zaƙi, wanda ake kira sobolo a Gana. Ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori suna mayar da sukari ya zama sinadari mai tsami, shi kuma ya dinga cin ɓawon haƙorin har ya yi kogo. Yawan maimaita shan zaƙi a yini shi ke hana haƙori hutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci. A 2023 gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemukan zaƙi, amma harajin bai shafi sukarin da mai koko ke zubawa a kofi ba.

Hanya ta biyu ita ce tsafta. Asuwaki yana da arha kuma yana goge dattin haƙori sosai, sai dai ba ya maye gurbin makilin mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A gidan da kuɗi suka yi ƙaranci, makilin yana cikin abubuwan da ake jinkirta saye.

Hanya ta uku ita ce jinkirin zuwa asibiti. Gana ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa a 2003, kuma 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara, sai na rajista. Inshorar tana biyan cire haƙori da ciko mai sauƙi, amma ba ta biyan haƙorin roba. Duk da haka, idan uwa ta kai ɗanta asibiti, ta rasa cinikin ranar. Saboda haka sau da yawa sai a sayi maganin rage zafi a kanti, a jira. Kafin a je wurin likita, kogon da za a iya cikewa ya riga ya kai ga jijiya, sai dai a cire haƙorin.

Asarar tana da girma, domin haƙoran matashi na dindindin ne. Wanda aka cire ba ya sake fitowa. Ciwon haƙori kuma yana hana barci da karatu. Iyali na iya rage wannan asara ta hanyar goge baki da makilin sau biyu a yini, da rage yawan shan zaƙi, da sabunta katin inshora tun kafin ciwo ya zo.