Kada Siminti Ya Taɓa Gidan Makama

Wata cuta tana cin tsofaffin gine-ginen Kano, kuma masu yaɗa ta suna ganin alheri suke yi. Cutar nan siminti ce. Mai gida ya gaji da yaɓen shekara-shekara, sai ya kira birkila ya lulluɓe katangar ƙasa da filasta, ya shafa fenti, ya ce ya huta. Wallahi bai huta ba. Cutar ta ci gidajen cikin birni, ta ci ƙofofin ganuwa da dama da aka rushe aka mayar na kankare, yanzu kuma gidajen da doka ta kare nake ji wa tsoro, Gidan Makama a kan gaba.

Gidan nan tun ƙarni na 15 yake, an ce a cikinsa Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a ciki, yau kuma gidan tarihi ne a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Amma mafi darajar kayan da ke wurin shi ne ginin kansa. Ka shiga soro ka ɗaga kai, ka ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, azarar giginya a jere, wadda gara ba ta cika yi wa komai ba. Babu ƙarfe ko ɗaya a nan. Tubali ne da ƙasa da sanin hannu.

Katangar ƙasa tana shan danshi da damina, ta fitar da shi da rani. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso na katsin marina, suna kore ruwan sama ba tare da sun toshe wannan hanya ba. Siminti kuwa toshe ta yake yi. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, a ciki tubali ya zama taɓo, kan azarar da ke cikin bangon yana ruɓewa. Ranar da filastar za ta ɓalle, da naman katangar take tafiya. Mai yaɓe yana ganin ciwo tun yana ƙarami, mai filasta sai ranar rushewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarewar masu aikin. Duk katangar da aka yi wa siminti, an kori magini guda daga sana'arsa, ɗansa kuma ya kama wata. Nan gaba ko an ware kuɗin gyara, wa zai ɗaura bakan gizo?

Saboda haka hukuma ta ji, masarauta ta ji, attajirin da zai ba da gudummawa ma ya ji. Kada a ba ɗan kwangilar bulo gyaran Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa. A kira Sarkin Magina da mutanensa, a biya su kuɗin kirki, a haɗa su da yara masu koyo. A share indararo kafin ruwan farko, a duba zanko da rufi, a sake yaɓe kowace shekara. Inda kuma aka riga aka shafa siminti, a ɓamɓare shi a hankali da rani, kafin damina mai zuwa.