Likitan Cikin da Ya Sha Ƙwayar Cuta da Kansa

'Yan uwa, duk sanda azumi ya ƙarato sai ka ji ana cewa, "Ni fa ina da olsa, yunwa ce ta jawo mini." Likitoci ma sun daɗe suna ɗora laifin gyambon ciki a kan damuwa da yawan ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Wanda ya sauya wannan fahimta shi ne Barry Marshall, likitan ciki ɗan ƙasar Ostareliya.

An haife shi a 1951, ya yi karatun likita a Jami'ar Yammacin Ostareliya. To, digirin farko ba ya mai da mutum likitan ciki da hanta. Sai ya ƙara shekaru a gaban manyan likitoci yana koyon cututtukan cikin jiki, sannan ya keɓanta ga tumbi da hanji da hanta. Marshall yana cikin wannan horo ne a asibitin Royal Perth, a 1981, ya haɗu da Robin Warren, likita mai duba 'yar tsokar da aka ciro daga jikin majinyaci. Warren ya sha ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a tumbin da ya kumbura.

A 1982 suka samu nasarar raya ƙwayar a ɗakin gwaji, wadda yau ake kira Helicobacter pylori. Akasarin likitoci ba su gamsu ba, don a ganinsu babu abin da zai rayu cikin tsamin tumbi. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ƙwayar ke ciki ya shanye. Cikin 'yan kwanaki sai amai. Da aka zura masa bututu mai kamara ta maƙogwaro, aka tarar tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Saboda haka galibin olsa tana da sababin da ake ganowa. Ana gwada ƙwayar ta bayan gida ko ta numfashi, maganinta kuwa kamar mako biyu ne. Kanwa da madara lallashi kawai suke yi, ƙwayar tana nan. Yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac shi ma yana jawo gyambon.

Mai fama da ciki ya je a gwada shi tun kafin wata ya tsaya. Wanda ya ga baƙin bayan gida ko aman jini, ya garzaya asibiti a ranar. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.