Gyaran makewayi a Damagaram: a tambayi ruwa kafin a sayi karo

Duk wanda ya saba shiga gidajen Zinder, daga Birni da Zango har zuwa sababbin unguwannin bayan gari, ya san wani abu da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Za ka tarar da ɗakin wanka irin na zamani, an lulluɓe shi da karo tun daga ƙasa har sama, ga dush yana ƙyalli, ga masai na zama fari fat, amma an garƙame ƙofar da kwaɗo, ko kuma an mayar da wurin ma'ajiyar buhunan hatsi. Mutanen gida kuwa sun koma ga tsohuwar salgarsu ta bayan ɗaki da bokiti da buta. Mai gidan, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya zuba kuɗin da ya tara shekara da shekaru, wani ma adashe ya ɗauka ko ya ci bashin albashi, ga shi aikin bai yi masa rana ba.

Ba rashin kuɗi ya kawo wannan ba, ba kuma ko da yaushe laifin magini ba ne. Abin da ya faru shi ne an fara aikin daga inda ya kamata a ƙare shi. An je kasuwa an zaɓi launin karo tun ba a tambayi inda ruwa zai fito ba, da inda zai tafi bayan an yi amfani da shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ga ya dace mu tattauna yadda ake shirya babban gyaran makewayi a wannan gari namu.

Garin da ke zaune bisa dutse

Ƙarancin ruwa a Damagaram ba baƙon abu ba ne. Garin yana zaune ne bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa a ƙarƙashinsa, kuma manyan duwatsun da suka yi wa Birni ado su ne shaida. A 1911 Faransawa suka mayar da Zinder babban birnin ƙasar, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai a bakin kogi, kuma ƙishirwa na cikin dalilan da ake ambata. Ruwan da ke zuwa famfunanmu daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya a kudu, da na Arunguza da Ganaram a arewa. An yi ayyuka an ƙara yawan ruwan, kamfanonin da ke raba shi ma sun sauya suna da hannu, daga SNE zuwa SEEN a 2001, sa'an nan NDE, amma garin yana girma fiye da yadda tiyo ke binsa. Idan bazara ta kankama, akwai unguwannin da famfo ba ya kawowa sai tsakar dare, akwai kuma waɗanda sai ga-ruwa da kurarsa.

Saboda haka lissafin farko na ruwa ne. Masai na zama irin na da, mai tanki a baya, yana zubar da wajen lita 9 a kowane ja. A gidan mutum goma, idan kowa ya shiga sau uku a yini, lita 270 ke nan, wato kusan bido goma sha ɗaya na lita 25, tun ba a yi wanka ko girki ko wanki ba. Masai na tsuguno wanda ake kora shi da ƙaramin bokiti kuwa lita 2 zuwa 3 sun ishe shi, ka ga gidan nan ba zai wuce lita 90 ba. Haka ma wanka: dush yana iya cinye lita 50 cikin minti biyar, alhali bokiti guda na lita 15 zuwa 20 ya wadatar da babban mutum. Duk magidancin da ya riƙe alƙalami ya yi wannan lissafi da kuɗin bido a watan Afrilu zai san irin makewayin da aljihunsa zai iya ciyarwa.

Wanda ya ga lalle sai dush, to sai ya tanadi wurin ajiye ruwa: tanki a ƙasa wanda zai cika idan famfo ya kawo da dare, da wani a sama domin ruwan ya sauko da ƙarfi. A nan ne ake yin wani kuskure mai hatsari. Lita 1000 ta ruwa nauyinta tan guda ne, daidai da buhun siminti ashirin. Rufin soro na azara da ƙasa ba a yi shi domin ɗaukar wannan kaya ba. Tanki sai a gina masa ƙafafunsa na kankare ko na ƙarfe, a gefe, nesa kaɗan da bango, domin ko ya yi ambaliya kada ya jiƙa ginin.

Ina ruwan zai tafi?

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. Zinder ba ta da babbar magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa wadda kowane gida zai jona, don haka kowa shi ke da alhakin ruwan da ya fito daga gidansa. Makewayin zamani yana bukatar rami mai ɗaki biyu da aka gine da bulo aka shafe da siminti. Ɗakin farko, wanda ke cin kashi biyu cikin uku na ramin, nan ƙazanta ke kwantawa ta ruɓe. Daga na biyun ruwa ke tsallakawa zuwa wani rami dabam mai duwatsu inda ƙasa za ta shanye shi. Idan ƙasar ba ta sha ba, duk aikin ya tashi a banza.

A wasu unguwanni mai haƙa ba ya yin nisa sai digarsa ta ci karo da dutse. A wasu kuma, musamman kusa da tafkuna, ruwan ƙasa yana tasowa da damina har ya cika rami. Gwajin ba shi da wuya. A haƙa ɗan rami a wurin da ake nufi, a cika shi da ruwa da yamma, a dawo da safe. Idan ruwan na nan kwance, to ƙasar ta ba da amsa, sai a rage yawan ruwan da za a tura mata, ko a faɗaɗa ramin maimakon zurfafa shi, ko a ɗaga ginin sama da ƙasa. Masana tsabta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 15 a ƙalla tsakanin rami da rijiya, mita 30 ta fi, kuma gindin ramin ya kasance wajen mita 2 sama da ruwan ƙasa. Wanda ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta taɓa jahohin Maraɗi da Damagaram, ba zai ɗauki wannan tazara da wasa ba.

A kuma tuna da ranar yashewa, domin kowane rami yana cika. Lungunan Birni da yawa motar zuƙe masai ba ta shiga. Ramin da aka binne a tsakar ɗaki ƙarƙashin karo, ranar da ya cika sai an fasa karon. A yi shi kusa da bangon waje, a bar masa murfi. Ruwan wanka kuma kada a sake shi ta rariya zuwa lungu. Shi ne ke tara sauro, shi ne ke cin gindin katangar maƙwabci, kuma masu unguwa sun san yawan ƙararrakin da rariya ke kawo musu.

Ba dole ba ne kowa ya yi masai mai ruwa. Akwai salga mai bututun iska, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, cikin shekarun 1970. Ana kafa tiyo mai faɗin santimita 10 zuwa 15 daga ramin ya zarce rufi, a rufe bakinsa da raga. Iska na fitar da wari ta sama, ƙudaje kuma su bi haske su maƙale a raga. Idan aka yi rami biyu, ana amfani da ɗaya har ya cika, a rufe shi shekara ɗaya zuwa biyu, abin da ke ciki ya zama ƙasa wadda ake kwashewa ba tare da cuta ba. Ga gida mai yawan jama'a, wannan salga tare da wurin wanka mai daɓen siminti ta fi ɗakin karo da ba shi da ruwa.

Bangon ƙasa ba ya shiri da laima

Magabatanmu da suka gina Birni da tubali da azara, tun zamanin Sarki Tanimun, sun san abin da suke yi da suka kai makewayi can ƙuryar gida, nesa da ɗakunan kwana. Ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar kansa na rufe kuma ƙafarsa a bushe take. A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a kan idon jama'a. Abin da mamakon damina ya yi wa wannan gini mai kauri, tiyo mai yoyo zai yi wa bangon ɗaki a hankali, ba tare da kowa ya lura ba.

Don haka kada a fafe bangon ƙasa a binne tiyo a ciki, kada kuma a manna masa karo. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Laima na shiga tsakaninsu ta rasa hanyar fita, sai wata rana shafen ya ɓalle da rabin bango. Wanda gidansa na ƙasa ne ya gina makewayin da bulo a kan nasa harsashi, ya bar ɗan rata tsakaninsa da tsohon gini, tiyo kuma su bi ta waje inda ido ke ganinsu. Tiyon masai faɗinsa santimita 10 ne, kuma yana son gangare na wajen santimita 2 a kowace mita. Daɓen ma ya karkata zuwa mafitar ruwa. Kowace mafita a sa mata lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, domin ita ke hana wari da kyankyaso dawowa ɗaki.

Kafin a kafa masai, a lura da fuskarsa. Al'adar gidajenmu ita ce kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, saboda haka kudu ko arewa ake dubawa. Magini zai iya mantawa, gyaran kuwa bayan siminti ya kama sai da guduma. A tuna da tsofaffi: masai na zama ya fi musu sauƙi saboda gwiwa, karon ƙasa ya zama mai kaushi wanda ba ya santsi, a kuma kafa ƙarfen dafawa a bango. Gidan da ke yawan baƙi, kamar na ƴan kasuwa masu saukar da fatake, ya kyautu a yi wa baƙi nasu kusa da zaure, domin a kiyaye sirrin iyali. Wanda zai sa injin ɗumama ruwa saboda sanyin hunturu ya kira mai aikin lantarki na gaske ya sa wayar ƙasa, domin wuta da ruwa ba a yi musu ganganci.

Kuɗi, lokaci da yarjejeniya

Kusan duk kayan wannan aiki daga waje suke zuwa. Siminti daga Malbaza ko daga Najeriya, karo da tiyo da kan famfo galibi ta Kano, su biyo hanyar Matamaye ko ta Magarya. Wannan ya sa farashinsu na rawa da siyasa. Dattawa ba su manta da karyewar darajar sefa ta watan Janairu na 1994 ba, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabi aka bar gine-gine a tsaye. Matasa kuma sun ga rufe iyakar Najeriya a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta ɗauki matakin rage kuɗin siminti. Darasin shi ne a sayi kayan da ba sa lalacewa gaba ɗaya kafin a fara, musamman karo, tare da rarar kashi ɗaya cikin goma saboda fashewa da yanka, don launin da aka samu yau ba lalle a same shi bayan wata uku ba. Siminti kuwa ba ya son ajiya, a saye shi daidai lokacin aiki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Janairu. Da damina rami na cika yana zaftarewa, da bazara kuma ruwan aikin kansa ya yi tsada. Siminti yana son a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, iskar hunturu kuwa tana busar da shi da wuri ya tsattsage. Kada a rushe tsohuwar salga sai sabon wurin ya fara aiki.

Game da ma'aikata, a nemi magini da mai aikin famfo su zauna tare tun ranar farko, domin yawancin ɓarna tana faruwa ne idan ɗaya ya gama ya tafi sa'an nan ɗayan ya zo yana fasawa. A je a ga aikin da suka yi shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambayi masu gidan. A rubuta debi, kaya dabam, ladan aiki dabam, a sa hannu gaban shaidu. Kafin alƙalami kada ya yi yawa, a biya sauran kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe har sai an yi gwaji: a cika tiyo da ruwa, a toshe mafita a tara ruwa a daɓe kwana guda, a duba ko akwai yoyo, sa'an nan a yarda a manna karo. Ma'aikacin gwamnati da aka ba gidan haya, wanda kowane lokaci ana iya yi masa canjin wurin aiki, ya rubuta yarjejeniya da mai gida a kan yadda za a cire kuɗin gyaran daga haya. A kuma leƙa ma'aikatar magajin gari wajen masu kula da tsabta kafin a haƙa rami a bakin hanya.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Magidancin da ya auna ruwan unguwarsa, ya gwada ƙasar gidansa, ya duba bangonsa da na maƙwabcinsa, shi ne zai shiga kasuwa ya zaɓi launin karo da kwanciyar hankali. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa famfunan Damagaram su riƙa kawowa da rana.