Gargaɗi Ga Iyaye Da Shugabannin Unguwanni: Mari Ba Ya Warkar Da Ɗan Ƙwaya

Jama'a, a tsaya a saurara, domin maganar ta kowane gida ce. Shaye-shaye na cinye mana 'ya'ya, wannan kowa ya sani. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, yadda muke tunkarar cutar idan ta shigo gida shi ma yana hallaka su. Likitoci da masu bincike sun daɗe da gano hanyoyin magani, amma ilimin ya maƙale a jami'o'i da manyan asibitoci, bai iso zaure da tsakar gida ba.

A unguwarmu akwai wani matashi mai tuƙa adaidaita-sahu. Da tiramol ƙwaya ɗaya ya fara kowace safiya, don kada gajiya ta hana shi haɗa balas. Kafin shekara ta zagayo ya koma shan mai lamba 225, uku ko huɗu a haɗiya ɗaya. Wata rana da la'asar ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci, yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, daga ƙarshe kawunsa ya kai shi gidan mari. Wata takwas ya yi a can. Da ya dawo na ga idon sawunsa: baƙin tabo ya zagaye ƙafar kamar zobe, inda ƙarfe ya ci nama. Bai cika sati uku ba ya koma ruwa. Mahaifiyarsa ta ce mini, "Malam, da na san akwai asibitin wannan abu, wallahi da ban bari an ɗaure shi ba." Tsakanin gidansu da asibitin ba a tafiyar awa ɗaya. Faɗuwar nan kuwa sanannen aikin tiramol ne idan ya yi wa jiki yawa, kowane likita ya san haka. Ita ce ba wanda ya taɓa gaya mata.

Girman annobar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne, masu shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A jihar Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. A faɗin ƙasar, ɗaya cikin biyar na masu sha ya kai matsayin da ba zai iya dainawa ba sai da magani. Ɗaya cikin huɗu mace ce, amma mata ƙalilan ne ke zuwa asibiti, saboda gudun abin kunya da tsoron rasa miji. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, sai masu sha suka karkata ga wasu kayan mayen, domin an toshe ƙofa ɗaya ne ba a yi wa mai cutar magani ba.

Mun kuma ga ƙarshen hanyar mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Wata guda bayan haka aka sake ganin irin wannan a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, mutane ne da hankalinsu ya tashi, suka rasa inda za su nufa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙinsa na mutunci da magani. Sai dai dokar da ba ta sauko unguwa ba, ba za ta kwance ƙafar kowa ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri ba za su ɗauke kowa ba. Amma bincike ya nuna ba dole sai babban likita ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane cutar damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da shaye-shaye, su fara magani. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda suka haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan lafiya a kan majinyaci ɗaya, kuma majinyatan suka fi samun sauƙi. Ashe ba sai an raba addu'a da asibiti ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, iyaye, ku riƙe waɗannan:

Na farko, kada ku ɗaure, kada ku doka, kada ku kulle yaro a ɗaki ku ce yunwa za ta gyara shi. Wanda ya daɗe yana shan baliyam ko rochi ko giya, idan aka yanke masa farat ɗaya, zai iya kamuwa da jijjiga har ya rasa ransa. Ragewar a hankali ake yi, a hannun ma'aikacin lafiya.

Na biyu, ku sa ido sosai a makonnin farko bayan yaro ya fito daga gidan gyara ko gidan yari. Jikinsa ya saki ƙwayar, don haka adadin da ya saba sha a da zai iya kashe shi yanzu.

Na uku, idan kuka ga barci mai nauyi da munshari, numfashi ya yi ƙasa, leɓe ya sauya launi, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, kada ku ɗura masa madara ko manja, domin zai shaƙe. Ku kwantar da shi a gefe ɗaya, ku garzaya asibiti, ku faɗi gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar da ke karya ƙarfin irin su kodin, amma sai an isa da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na huɗu, duk wanda ya ce ya gaji da duniya, kada ku ɗauka barazana ce. Ku ɗauke fiya-fiya da magunguna daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Sau da yawa damuwa ce ke tura mutum ga ƙwaya, kuma ita ma tana da magani.

Na biyar, ku duba ɗakunan mata kamar yadda kuke duba na samari. Hukumar NDLEA tana da layin neman shawara kyauta, dare da rana: 0800 1020 3040.

Ya ku limamai da masu unguwanni, ku ne ake fara kawo wa kuka. Ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ku tambayi wanda ke duba irin waɗannan majinyata da ranar da yake zama, ku sanar bayan sallar Juma'a. Masu kemis, ku ji tsoron Allah: kwalbar da kuke miƙawa ta bayan kanta, a cikin ɗan wani take ƙarewa. Malaman jami'a da likitocin asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika, a unguwanninmu kuka tattara bayananku, ku dawo mana da sakamakon da Hausa, a rediyo, a makarantun Islamiyya, a tashoshin mota. Gwamnatocin jihohi kuma su horar da ma'aikaci ko da ɗaya a kowace mazaɓa, su ajiye magani a inda talaka zai isa da ƙafarsa.

Matashin nan na unguwarmu yanzu yana zuwa asibiti duk wata, mahaifiyarsa ke raka shi. Bai gama warkewa ba, amma ya koma bakin sana'arsa. Wata takwas da lafiyar ƙafarsa ya yi asara saboda rashin wanda zai nuna musu hanya. Wanda wannan saƙo ya iske, ya kai shi gidan maƙwabcinsa yau, kafin a sake sa wa wani yaro mari. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.