Gasket Ya Ƙone: Gaskiya ko Jita-jita?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Fagam zuwa Gwaram, ko ya miƙe har Birnin Kudu da tsakar rana a watan Afrilu, ya san wannan hoton. Tsohuwar Golf a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun nemi inuwa, direba na riƙe da jarka. Kafin a duba komai wani zai yanke hukunci: "Ai gasket ne ya ƙone." Daga nan kowa ya zama bakanike. Na tattara wasu daga cikin maganganun da ake yi a irin wannan wuri, domin na ga yadda suke cinye kuɗin talaka.

Gasket dai wani siririn faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin gangar inji da kanta, wanda makanikai ke kira tof silinda. Aikinsa raba abubuwa uku da ba sa ga maciji da juna: wutar da fetur ke yi a cikin silinda, ruwan lagireto, da baƙin mai.

Ana cewa da zarar salansa ta fitar da farin hayaƙi, gasket ya tafi. Jita-jita ce. Fetur idan ya ƙone yana haifar da ruwa, kusan lita ɗaya daga kowace lita, kuma da sanyin safiyar hunturu ruwan nan ne ake gani yana fita kamar hayaƙi. Inji na ɗumama, hayaƙin zai ɓace. Abin tsoro shi ne hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, ga ruwa na raguwa ba a ga inda yake yoyo ba. Zaro sandar auna mai ka duba: idan man ya koma kalar shayi da madara, ko ka ga ruwan lagireto na kumfa tun inji bai yi zafi ba, to maganar ta fara zama gaskiya.

Wadda ta fi damuna ita ce ta tamosta. Kusan duk motar da ta shigo hannunmu, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamosta a jefar, wai don ƙasar sanyi aka yi ta. Wannan 'yar na'ura ƙofa ce kawai, tana rufe har ruwa ya kai zafin digiri 80 da wani abu, sannan ta buɗe ya zagaya ta lagireto. Da zarar ta buɗe, ba ta hana inji shan iska. In an cire ta, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya kuma saurin cinyewa. A wasu injinan ma, ciki har da na Golf, ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka cire ta na iya ƙara zafin da ake gudu. Tamosta tana lalacewa, tana maƙalewa a rufe, wannan gaskiya ne. Maganinta sabuwa.

Haka maganar cewa ruwan rijiya ya wadatar, kulan na Turawa ne. Kulan na hana tsatsa, ruwan rijiya kuwa yana barin farin dutse a cikin bututu irin wanda muke gani a gindin tsohuwar butar shayi. Shi kuma murfin lagireto da ake rainawa, matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfi ya mutu, ruwa ya tafasa da wuri.

To, ana iya canza gasket a gida? Gaskiya ne, ana iyawa, musamman a tsofaffin motoci irin Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991, har da GTI ɗinta mai gudu da samari ke so, ko Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Amma aikin na awo ne. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro yana ɗaure notunan kan inji, ya zura bututu a ƙotar sifana don ta ƙara tsawo, ya taka taya ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Na ce, "Malam, wa ya ce maka haka ake yi?" Ya ce, "Yallaɓai, in bai ɗauru ba ai sai ya sake ƙonewa." Bayan sati biyu motar ta dawo da ciwonta.

A injin Golf 3 mai lita 1.8, notunan guda 10 ne. Ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi, da sifana mai awo: a fara da 40, a kai 60, sannan a ƙara kwatan zagaye sau biyu. Ƙarfen nasu miƙewa yake yi idan an ɗaure, shi ya sa ake son a sa sababbi. Kan injin kuma na alminiyon ne a kan gangar baƙin ƙarfe, alminiyon kuwa yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Idan inji ya tafasa sosai, kan yakan lanƙwashe. Lanƙwasar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin takardar littafi ke nan, ta isa ta kashe sabon gasket. Ido ba ya ganinta, sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe an auna. In ta wuce haka sai a kai wa masu injin gogewa. Haɗa gasket biyu ko lafta gam, duk ɓata kuɗi ne. Mai 504 kuma ya kiyaye, kada ya juya inji bayan an ɗaga kan, domin silindojinta zarowa suke yi, in suka motsa ruwa zai sauka cikin mai.

Gasket ba ya cika ƙonewa haka kawai, zafi ne ke kashe shi. Ko ka je har Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo gasket mai kyau, in fanka ba ta juyawa ko lagireto a toshe yake, za ka sake komawa.

Direbobinmu na hanyar Fagam, don Allah idan allurar zafi ta hau, a sauka gefe a kashe mota. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, kada a kwara wa inji ruwan sanyi. A ba fasinjoji haƙuri, a jira ya huce.