Tukunyar Da Aka Tono a Kuyello

Ga wani al'amari da ya faru a wajenmu, Kuyello, gabashin ƙasar Birnin Gwari. Na ga ya kamata in rubuta shi, domin irinsa yana iya samun kowa.

Da damina ta kusa, wani tsohon almajirina yana gyaran gona a wani kango, sai fartanyarsa ta doki tukunya. Ya tono ta, ya same ta shaƙe da kaya. Tsoro ya kama shi, ya mayar da marfi, ya kira ɗansa ya ɗauki hotuna huɗu da waya, aka aiko mini. Kafin hotunan su iso, labari ya riga ya gama gari. Waɗansu suka ce ajiyar aljannu ce. Wani mai da'awar sanin asiri ya ce in ba a ba shi rago da baƙin zakara ba, gidan ba zai ga alheri ba. Wani ɗan gwangwan kuwa ya ce shi a kilo zai saya. Rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Hoto na fari wuri ne, fari fat, an fasa bayan waɗansu domin zare ya shiga. Yaran yau ba su san shi ba sai a adon ƙwarya ko a wajen 'yan bori, alhali kuwa shi ne kuɗin kakanninmu. Kalmar kuɗi kanta jam'i ce, tilonta wuri, shi ya sa har yau mai talauci yakan ce ba shi da ko wuri. Ƙwanson wata 'yar dabbar teku ce, kuma asalin mafi kyawunsa daga tsibiran Maldib ne, cikin tekun Indiya. Ibn Batuta ya gan shi a can, sa'an nan ya sake ganin ana ciniki da shi a ƙasar Mali da Gao sa'ad da ya zo Sudan wajen 1352. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a bakin liyari guda. Daga baya Turawa 'yan kasuwa suka yi ta jigilar wani irin wuri daga wajen Zanzibar, ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, har ya zama ɗaukarsa wahala ce ga fatake.

Hoto na biyu shi ya fi ba mutane tsoro. Ƙananan ƙarafa ne masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a gefe guda, da rubutun Larabci a ɗaya gefen. Da aka ga tauraro da Larabci sai aka ce hatimi ne. Na sa aka ƙara girman hoton, na karanta. Babu aya a ciki, babu sunan aljani. Abin da rubutun ke faɗi shi ne ushurin kwabo, watau ɗaya bisa goma na kwabo. Anini ke nan. Turawan Ingila suka fara buga shi a 1907, na farkon da sanholo, sa'an nan suka koma wani farin ƙarfe mai ƙarfi. Sun sa Larabci ne domin sun san shi ne karatun mutanen ƙasar nan. Hujin kuwa domin a zura a zare ne kamar yadda aka saba yi da wuri. Anini goma kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Rabin kwabo ana ce masa ɗari, domin a bakin wuri ɗari aka tsayar da shi. A bisa wannan lissafi anini guda wuri ashirin ne. Waɗannan sunaye sun zauna a bakinmu har ran 1 ga Janairu 1973, da naira da kobo suka maye gurbin fam da sule.

Hoto na uku babbar azurfa ce guda biyar. A fuska ɗaya surar wata mace mai lulluɓi, a ɗaya fuskar mikiya mai kai biyu, ga kuma shekara, 1780. Wannan shi ne liyari. Matar sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, a 1780 ta rasu. A nan ne masu ilmi ma sukan yi tuntuɓe, su ce ashe tukunyar ta girmi jihadin Shehu Usmanu na 1804. Ba haka ba ne. Larabawa da Habashawa da mutanen Sudan sun amince da wannan kuɗi ƙwarai, har ba su yarda a sāke masa ko ɗigo. Saboda haka aka ci gaba da buga shi shekara da shekaru da wannan lamba ta 1780, a Biyana, daga baya har a Roma da Landan da Bombai. Liyarin da aka buga a zamanin kakanka da wanda aka buga a zamanin kakan kakanka duk shekara ɗaya suke ɗauke da ita. Nauyin sahihinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi biyar cikin shida azurfa ne. Ta hamada ya riƙa zuwa mana tare da ayarin Tarabulus, maƙeran farfaru kuma sun narke da yawa sun yi zobba da mundaye.

Hoto na huɗu wani baƙin dutse ne mai santsi, mai kaifi a baki ɗaya, ya cika tafin hannu. Gatarin aradu ake ce masa, ana zaton tsawa ke jefo shi. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar aikin hannun ɗan Adam ne: mutanen farko suka wasa shi, suna sare itace da shi tun ba a san ƙira ba. Manomi yakan tsince shi bayan ruwan sama domin ruwa ya wanke ƙasar da ta rufe shi.

To, me ya sa malami zai ɓata tawadarsa a kan tsofaffin ƙarafa? Dalili kuwa shi ne hukunci ya rataya a kan sanin abin. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar, dukiyar da aka binne a zamanin jahiliyya ita ce rikazi, ana fitar da humusinta, ɗaya bisa biyar. Amma abin da Musulmi ko ɗan amana ya binne, tsintuwa ne, sai a yi cigiyarsa shekara guda. Tilas ke nan a san yaushe aka binne tukunyar.

Ga ƙa'ida, a riƙe ta: ba mafi tsufa a cikin tukunya ke faɗin shekarunta ba, mafi ƙuruciya ne. Dutsen nan ya girmi kome, amma mai tukunya tsintarsa ya yi ya ajiye. Liyari ba shaida ba ne, mun ga dalili. Sai na sa aka jera aninan aka karanta mini shekarunsu. Na ƙarshe a cikinsu yana ɗauke da 1920 da sunan Sarki Joji na Biyar. Mutum ba ya binne abin da ba a ƙera ba tukuna. Lalle an rufe tukunyar nan a 1920 ko bayanta, a zamanin da wuri ke fita, kuɗin Turawa ke shiga, mai ita kuwa ya tara duka biyu domin bai san wanda zai ɗore ba. Wannan ajiyar mutum ce irinmu, mai tsoron ɓarawo da gobara da ranar haraji.

Na aika wa almajirina cewa kada ya ba da rago, kada ya sayar a kilo, ya kai magana gaban mai unguwa da liman a yi cigiya. Ya ji nauyin abin, domin shekarun nan na fitinar daji sun talauta manoma, azurfa biyar kuwa ba abin rainawa ba ce. Amma ya yi haƙuri ya bi. Dattawan unguwa sun tuna gidan wanda ke zaune a kangon, jikokinsa kuma suna raye. Maganar tana hannun manya yanzu, su ne za su duba hujja su yanke.

Wanda duk ya tsinci irin wannan, ga gargaɗi. Kada ya goge da toka ko lemon tsami, gogewa tana cinye rubutu. Ya ɗauki hoton fuska biyu cikin hasken rana, ya ajiye tsinken ashana a gefe domin a gane girma. Ya rubuta wurin da ya samu da zurfin ramin. In azurfa ce, a auna ta a sikelin maƙeri a gaban shaidu biyu. In kuwa abu ne na tarihi, akwai gidan ajiye kayan tarihi a Kaduna da Gidan Makama a Kano, can ake samun masana, kuma doka ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa ba da izini ba.

Mai hoton wani abu da ya shige masa duhu, ya aiko ta hannun Edita, mu duba tare. Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.