Sanin haƙƙin yara a makarantun Jihar Zamfara

Sanin haƙƙin yara shi ne fahimtar da ɗalibi yake da ita game da abin da doka ta ba shi a matsayinsa na yaro, da kuma inda zai kai kuka idan an tauye masa shi. Wannan muƙala ta duba batun a ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bungudu, waɗanda tare da Maru suka haɗu suka zama mazaɓar sanatan Zamfara ta Tsakiya. Gusau ita ce babban birnin jihar tun da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bungudu kuma tana kan hanyar Sakkwato.

Dokokin da suka tanadi haƙƙin

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ranar 20 ga Nuwamba, 1989, Nijeriya kuma ta karɓe ta a 1991. Sashe na 42 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnatoci nauyin sanar da manya da yara abin da ke cikinta. Ke nan sanin haƙƙin shi ma wani haƙƙi ne. Ƙasashen Afirka sun tsara tasu yarjejeniyar a 1990, wadda ta ƙara da bayanin nauyin da ke kan yaro game da iyayensa da al'ummarsa.

A 2003 Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar dokokin jihar ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun jinkirta saboda muhawara a kan wasu sassa, musamman shekarun aure. Zamfara, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ta samu dokar kare yara a 2022, lokacin Gwamna Bello Matawalle.

Haƙƙoƙin da suka fi shafar ɗalibi

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ya zama kyauta kuma tilas. Bayan ilimi, akwai haƙƙin suna da rajistar haihuwa, da kula da lafiya, da hutu da wasa. Akwai kariya daga cin zarafi da aikin da ke hana karatu, irin su talla a lokacin makaranta. Sashe na 12 na yarjejeniyar 1989 ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, sashe na 28 kuma ya ce horon makaranta ya kasance bai zubar da mutuncin yaro ba.

Hanyoyin da ɗalibai ke sani

Hanya ta farko ita ce aji, ta darasin sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa da ke cikin manhajar firamare da sakandare. Ta biyu ita ce Islamiyya da wa'azi, inda ake koyar da haƙƙin 'ya'ya a kan iyaye: raɗa musu suna mai kyau, ciyarwa, tufatarwa, tarbiyya, ilmantarwa da yin adalci a tsakaninsu. Akwai kuma shirye-shiryen rediyo, da bukukuwa kamar Ranar Yara ta 27 ga Mayu da Ranar Yaron Afirka ta 16 ga Yuni, da ayyukan wayar da kai na hukumomi irin su UNICEF.

Abubuwan da ke kawo cikas

Na farko harshe ne. Dokokin da littattafan darasin da Turanci aka rubuta su, alhali Hausa ce harshen gida da kasuwa. Ɗalibi zai iya haddace jerin haƙƙoƙi don jarrabawa ba tare da ya gane cewa sun shafi cire ƙanwarsa daga makaranta ba.

Na biyu, ilimin yana bin aji ne, don haka almajiri da 'yar talla da yaron da iyayensa suka yi gudun hijira ba sa samunsa, kuma su ne suka fi buƙata.

Na uku rashin tsaro ne. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata daga makarantar Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwanaki. A Satumbar shekarar aka sace wasu a Kaya ta Maradun, abin da ya sa aka rufe makarantun jihar. A Satumba 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu. A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

Na huɗu kunya ce da tsoron a ce yaro ba shi da ladabi. Wannan kan sa a yi shiru, musamman idan mai laifin dangi ne ko malami.

Inda ake kai ƙara

Ɗalibi zai iya fara sanar da iyayensa, ko malamin da ya yarda da shi, ko shugaban makaranta, ko kwamitin iyaye da malamai. Daga nan akwai mai unguwa da hakimi, da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, da ma'aikatar harkokin mata da yara, da 'yan sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Yaro ba ya shigar da ƙara kotu da kansa, sai ta hannun babba da ke tsaya masa. Saboda haka sanin ɗalibi yana amfani ne idan iyaye da malamai su ma sun san dokar.